Gudu ko tattalin gas: a kan nawa ya kamata tirela ta riƙa tafiya daga Kano zuwa Legas?

Abu_Sadiq_Sharaɗa
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara na zo nema, don abin ya fi ƙarfin sanina.

Mahaifinmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, ya bar mana tirela ƙirar DAF guda biyu, 'yan'uwa kuma suka ce ni zan riƙa kula da su. Duk biyun a Dawanau suke lodi, riɗi ko zoɓo ko waken suya, su kai Legas, su juyo da abin da ya samu zuwa Singa. Gas, wato man dizal, iri ɗaya nake zuba musu, lita 900 zuwa da dawowa, kamar yadda na tarar a littafin Baba. Direba ɗaya dattijo ne, tun ina firamare yake tare da mu. Bai taɓa kirana a hanya ya ce gas ya yanke ba, har ragowa yake dawowa da ita. Ɗayan matashi ne, sa'ana, mai ƙwazo, amma kusan kowane sahu sai ya kira ni daga Tafa ko Mararrabar Jos a ƙara masa lita 80 ko 100.

Da na duba tiraka, wato na'urar da take nuna inda mota take da gudunta, sai na ga inda suka bambanta. Daga Kwanar Dangora zuwa Zariya har Kaduna, dattijon yana tsakanin kilomita 60 da 65 a awa, matashin kuwa 85, wani lokacin har 90. Na yi masa magana, ya ce in ba haka aka yi ba wasu za su riga mu shiga layin lodi, kuma ai shi yake riga dattijon dawowa. Wannan kam gaskiya ne, wani sa'in da kwana guda yake riga shi.

To ni yanzu ban san wanne ya fi mana riba ba, kuma kuɗin nan na marayu ne, akwai ƙannenmu ƙanana a ciki. Don Allah waɗanda suka san harkar, a kan nawa ya kamata mota mai lodi ta riƙa tafiya?

Baba_Direba77
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya raya abin da ya bari. Yaro, shekara 31 ina riƙe da sitiyari, tun daga 911 har zuwa DAF. Mota mai tan talatin a bayanta, in ta wuce 70 ba kai kake tuƙa ta ba, ita take tuƙa ka. Ni 60 zuwa 65 nake tafiya, kuma duk yaran da suke wuce ni a Kwanar Dangora muna haɗuwa da su a Jeba suna cin abinci. Riƙe dattijon nan da kyau, irinsu sun yi ƙaranci.

Matashin_Howo
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a yi mana adalci. Zamaninku in mutum ya isa Apapa yana sauke kaya ya samu wani. Yanzu motoci sun yi yawa, kaya sun yi kaɗan. In ka makara da awa uku, ɗan kamasho ya ba wani lodin, kai kuma ka kwana huɗu a Ogere, matsayar tireloli ta hanyar Ibadan zuwa Legas, kana cin kuɗin aljihunka. Wannan asarar ba ta fitowa a tiraka.

Injiniya_Hotoro
Malam Abu Sadiq, bari in faɗi dalilin da ya sa gudu yake shan gas, don in ka san shi za ka iya yi wa direbanka bayanin da zai karɓa.

Abu biyu inji yake faɗa da su a kan shimfiɗaɗɗen titi. Na farko nauyin kaya a kan tayoyi, na biyu iska. Nauyin nan kusan ɗaya ne ko kana 50 ko kana 90. Iska ce take canzawa, kuma ba daidai da gudun take hawa ba. In ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska sau huɗu take ninkawa. Daga 60 zuwa 90 rabi kawai ka ƙara a gudu, amma iskar da kan motar yake turawa ta ninka sau biyu da kwata. Kan DAF kuma kamar bango yake a tsaye, ga tamfol a baya, in ba a ɗaure shi tamau ba yana kumbura yana jan mota baya.

Ba ina cewa gas zai ninka sau biyu ba ne, a'a, domin iska wani kaso ne kawai na abin da injin yake ja. Amma tsakanin 65 da 90 bambancin a fili yake, duk wanda ya auna zai gani.

Sai maganar lokaci. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne. A kan 60, awa huɗu ba minti goma. A kan 85, awa biyu da minti arba'in da 'yan kai. Wato abin da ya saya da wannan gudun awa ɗaya ne da ɗan ɗoriya. Daga nan kuma in ya gangara Lambata, Bida, Mokwa, hanya ce za ta faɗa masa gudun da zai yi, ba ƙafarsa ba.

Malamin_Lissafi
Bari in ɗora a kan na Injiniya. Mu ɗauka lita naira 1,000 ce don lissafi ya yi sauƙi, kowa ya sa farashin da yake saye. Ƙarin lita 90 a sahu, naira 90,000 ke nan. In zuwa da dawowa yana cin kwana goma, shi kuma yana rage kwana ɗaya, sai ya yi sahu wajen goma kafin kwanakin da ya rage su haɗu su zama ƙarin sahu guda. A cikin sahu goman nan ya sha ƙarin lita 900, gas ɗin tafiya guda cur. Kenan wannan ƙarin sahun gas biyu ka saya masa. Ka duba ribar sahu ɗaya a littafinka, in ta fi naira 900,000 to gudun ya biya, in ba ta kai ba, ka san amsa. Kuma ka ce ba kullum yake rage kwanan ba.

Kayan_Gwari_Gafan
Lissafin malam daidai ne ga riɗi. Riɗi ko ya yi wata a mota ba abin da zai same shi. Amma kada wani mai mota ya karanta wannan ya je ya ce wa direban tumatir ya tafi a 60. Mu in aka yi lodi a Kwanar Gafan da yamma, kowace awa kuɗi ce. Kwandon da ya isa kasuwar Mile 12 ta Legas da asuba da wanda ya isa bayan azahar ba farashi ɗaya ba ne, kuma rana ɗaya a gosulo ta isa ta mayar da na ƙasan ruwa. Shi ya sa mu muke ƙara wa direba kuɗin gas da hannunmu, mu ce ya taka. Asarar lita ɗari ba ta kai asarar kwando hamsin ba.

Dillalin_Shanu_Wudil
Haka abin yake a wajenmu. Shanun da aka loda ranar Juma'a a Wudil a tsaye suke tafiya, ba ci ba sha sosai. In tafiya ta yi tsawo wata ta durƙushe, sauran su tattake ta, sai dai a yanka a hanya a sayar da araha. Amma fa direban shanu na ƙwarai ba mai fizga ba ne. Wanda yake taka totur ya taka birki shi yake kayar da dabbobi. Muna son wanda ba ya tsaye-tsaye, ba wanda yake tashi sama ba.

Baba_Direba77
Yauwa, Alhaji Dillali ya faɗi abin da nake so in faɗa. Isa da wuri ba a maleji yake ba, a rashin tsayawa yake. Mai 65 da ya tsaya sau uku don sallah da abinci zai riga mai 90 da yake tsayawa kowane gari shan shayi.

Kayan_Gwari_Gafan
Baba, ban musa ba. Amma in aka samu wanda ba ya tsayawa kuma yana 80, shi za mu ba kaya. Kasuwa ce ta sa mu.

Ummu_Hanif
Ku yi haƙuri in sa baki, ni matar direba ce. Duk lokacin da masu kaya suka ce a taka, a gidanmu ake kwana ba barci. Mijina ya taɓa tafiya daga Kano har Ilori ba runtsawa saboda an yi masa alƙawarin ƙarin dubu ashirin in ya isa da wuri. Ya dawo idonsa jajur, hannunsa yana rawa, kwana biyu bai iya cin abinci sosai ba. Alhaji mai kayan gwari, don Allah in kuna lissafin kwando ku riƙa sa mai tuƙin a ciki. In kaya na gaggawa ne a sa direba biyu a mota mana, ɗaya ya kwanta ɗaya ya ja.

Kayan_Gwari_Gafan
Hajiya, maganarki ta shige ni. Wallahi wasunmu suna yin direba biyu, amma ba kowa ba. Allah ya tsare mana su.

Bakanike_ƘofarRuwa
Abu Sadiq, kafin ka ɗora wa yaron nan laifi duka, motocin biyu lafiyarsu ɗaya? Shekara da shekaru ina kwance injin DAF, ban taɓa ganin mota biyu masu shan gas daidai wa daida ba. Nozul, wato bakin da yake fesa gas cikin inji, in ya gaji yana zubar da gas maimakon ya fesa shi, za ka ga baƙin hayaƙi a salansa in ta ɗauki hawa. Matatar iska kuma da ƙurar hunturun nan mako biyu ya isa ta toshe, inji ya rasa numfashi. Akwai birkin da yake ɗan riƙe wili ba a sani ba, ka taɓa gangar birkin bayan tafiya ka ji ta da zafi fiye da sauran. Akwai bodin da aksul ɗinsa ya karkace, mota tana tafiya a kaikaice tana cin taya tana cin gas. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai iya cinye maka lita hamsin ba tare da direba ya yi komai ba.

Ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba. Ka musanya musu mota sahu biyu. In shan gas ya bi direba, ƙafarsa ce. In ya tsaya a mota, ka kawo ta gareji.

Abu_Sadiq_Sharaɗa
Oga Bakanike, na gode ƙwarai, wannan bai taɓa zo mini a rai ba. Motar matashin ta girmi ɗayar da shekara uku, kuma ban tuna yaushe aka duba nozul ɗinta ba.

Alhaji_MaiTirela_Bompai
Ni zan faɗi abin da kowa yake kewayewa. Ɗana, ka tabbata gas ɗin injin ne yake shanye shi? Duk wanda ya bi hanyar nan ya ga jarkoki a bakin titi, kuma ba daga sama gas ɗin cikinsu yake faɗowa ba. Na taɓa samun direban da kullum gas ba ya isarsa, na kashe kuɗi a famfo da nozul, ashe tiyo ne da jarka. Ban ce naka haka yake ba, amma ka sa ido.

Matashin_Howo
Alhaji, wannan maganar ita take ƙona mana rai. Da zarar gas bai isa ba sai a ce direba ɓarawo ne. Mai mota yana zaune a Kano ya yanke lita a takarda, bai san mun yi awa tara a gosulo tsakanin Bida da Mokwa ba, bai san tanka ta faɗi ta tare hanya an juya mu ta wani gari ba. Akwai masu sayarwa, ban musa ba. Amma ku tambayi nawa ake ba direba kuɗin hanya, da shingaye nawa zai wuce kafin Ibadan, kowanne da hannu a miƙe. Wani daga tanki yake cike giɓin da aka bar masa.

Alhaji_MaiTirela_Bompai
Ban yi maka kuɗin goro ba, ɗana. Kuma ka yi gaskiya a maganar kuɗin hanya. Ni da kaina da na gyara wannan, rabin rigimata da direbobi ta mutu. Abin da nake yi yanzu, ina auna hanya da direba mai amana, in yanke lita, in ƙara ɗan rara saboda gosulo. Duk abin da mutum ya dawo da shi a tanki, rabi nasa rabi nawa, a ba shi kuɗinsa a hannu ranar. Tun daga nan ban ƙara ce wa kowa ya rage gudu ba, su da kansu suka sauko 65 zuwa 70. Da can da nake biya a kan kowane sahu kawai, ni ne nake koya musu gudu ban sani ba.

Malamin_Lissafi
Wannan tsarin na Alhaji shi ne ya taɓa tushen abin. Abu Sadiq, yaya kake biyan su? In kuɗin sahu ne, matashin yana yin abin da ya fi masa riba ne, tunda gas ba daga aljihunsa yake fita ba.

Abu_Sadiq_Sharaɗa
Dattijon albashi ne duk wata tun zamanin Baba, da ɗan alheri in ya dawo. Matashin kuɗin sahu ne. Wallahi sai yanzu na ga alaƙar.

Mai_Faci_Bypass
Kun yi ta maganar gas kun manta da taya. Ku zo Eastern Bypass a watan Maris da Afrilu ku ga abin da zafi yake yi. Taya tana ɗaukar zafi ne daga lanƙwasawar da take yi a ƙarƙashin kaya, gudu yana ƙaruwa zafin yana ƙaruwa, ga kwalta kamar tanda. Motar da aka yi wa tan talatin aka ɗora mata arba'in da biyar, sannan a ce 90, ai fashewa ce kawai take jira. Kuɗin taya sabuwa guda ɗaya ya fi ƙarin gas ɗin da kuke ta lissafi. In kuma ta gaba ce ta fashe, ba maganar kuɗi ake ba, sai dai addu'a.

Sannan a riƙa auna iska da safe kafin a tashi, taya tana sanyi, da geji. Bugun taya da ƙarfe da yaran mota suke yi yana nuna wadda ta sace ne kawai, ba ya nuna wadda iskarta ta ragu. Taya mai ƙarancin iska tana jan mota, gas ne yake tafiya a nan.

Yaron_Mota_09
Oga mai faci gaskiya ne. Ni ma bugawa nake yi don haka aka koya mini. Zan ce wa maigidana mu sayi geji.

Ina da tambaya ga manya. Maigidana in mun zo gangara yana sa mota a firi, wato ya fitar da ita daga giya, ya ce tattalin gas ne. Wasu kuma sun ce ba kyau. Wanne ne?

Bakanike_ƘofarRuwa
Yaro, ka roƙi maigidanka da girman Allah ya daina. Ko ta fuskar gas ɗin ma bai ci riba ba. Mota in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur a gangara, injin yana yanke gas, nauyin motar ne yake juya shi. In ka sa firi kuwa dole ya riƙa shan gas don kada ya mutu. Ga babban haɗarin: a firi ba birkin inji, duk nauyin yana kan birkin ƙafa, ganga ta yi zafi ta daina kamawa. Kwamfireso kuma da juyin inji yake cika iska, inji yana silo kana ta taka birki, iska ta ragu. Daga nan giya ma ba lallai ta shiga ba.

Baba_Direba77
Firi ya kashe mutanen da na sani da idona. Giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Haka aka koya mana, kuma har gobe haka ne.

Tanka_Depot
Mu masu ɗaukar mai a tanka namu ya fi na kowa, domin kayanmu motsi suke yi. Ka shiga kwana da gudu, man ya taru gefe guda, sai dai ka ji ƙafafun ciki sun ɗaga. Bayan abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda tankar mai ta kife ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu, da na mahaɗar Dikko a Janairun 2025, duk direban tanka mai hankali ya sake tunani. Gwamnati ma ta hana tankokin lita 60,000 lodi daga Maris na 2025. Ni yanzu ko mai mota ya kira sau goma ba na wuce 60.

Kuma a tuna, doka ma haka ta ce. A ƙa'idar hanya ta Najeriya, tanka da tirela 60 ne a babban titi mai hannu biyu, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari. Tun 1 ga Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa na'urar ƙayyade gudu a motocin haya. Don haka 85 ɗin da ake magana a kai ba tsada kawai gare shi ba, saɓa doka ne.

Matashin_Howo
Yaya Tanka, doka kam mun sani. Amma ka faɗa mini, in magariba ta kusa kana wajen da kowa ya san ba a son dare ya yi wa mutum a can, 50 za ka yi? Akwai wuraren da gudu shi ne tsaro. Mutane da yawa sun bar hanyar Birnin Gwari shekaru saboda haka, suka koma zagaye ta Suleja, wanda shi ma ƙarin gas ne.

Tanka_Depot
Wannan gaskiya ne ƙanena, ba zan yi maka musu ba. Abin da nake yi shi ne lissafin tashi. Ina barin Kano bayan sallar asuba don in wuce inda nake tsoro rana tana sama. In na ga ba zan kai ba, in kwana a Mararraba. Wanda ya tashi da azahar shi ne yake tseren da magariba.

Hajiya_MaiZoɓo
Ni mai ba da kaya ce a Dawanau, bari ku ji ta ɓangarenmu. In na loda zoɓo zuwa tashar jirgin ruwa, akwai ranar da aka ba ni, in kaya bai shiga ba sai wani jirgin. Amma ban taɓa neman direba ya yi gudu ba. Abin da nake nema ya faɗa mini gaskiya: kwana uku ne ko huɗu, in shirya a kai. Wanda ya ce kwana biyu ya yi biyar saboda taya ta fashe a daji shi ne yake karya ni. Abu Sadiq, akwai direbobin da muke jira ko da motarsu ba ta dawo ba, saboda mun san kayanmu zai isa ba jiƙewa ba ragi. Irin dattijonku ba ya bin layi a wajenmu, kiransa ake yi.

Ɗan_Zawaciki
Ni ina ganin duk wannan rigimar ta kusa ƙarewa. Motocin CNG, masu amfani da iskar gas maimakon dizal, suna shigowa, Dangote kaɗai ya sayo dubu huɗu. In bututun iskar gas na AKK, wanda ya taso daga Ajaokuta, ya iso Kano, wa zai tsaya lissafin gas?

Injiniya_Hotoro
Ɗan'uwa, ko da me mota take tafiya, iska ba ta canza hali. Mai CNG ma in ya yi 90 tukunyarsa za ta riga ta mai 65 ƙarewa, kuma shi ya fi shiga matsala tunda wuraren cikawa ba su kai gidajen mai yawa ba. Sannan mai DAF biyu na gado ba gobe zai sayi sabuwar mota ba.

Abin da mutane suke mantawa, gas ba shi da tallafi tun da daɗewa, cire tallafin Mayun 2023 na fetur ne. Gas ya yi tsalle ne tun 2022 lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi. Lita 900 ɗin da marigayi ya rubuta a littafi, lokacin da ya rubuta ta ƙarin lita ɗari ba ta da zafi kamar yau. Shi ya sa tuƙin da aka saba da shi a da yanzu yake cin riba.

Ƙari ɗaya ga direbobi: a kalli agogon juyin inji, ba maleji kaɗai ba. Akwai koren wuri a jikinsa, a manyan injina yawanci tsakanin 1,100 da 1,500. A nan inji ya fi ja da ƙaramin gas. Wanda yake 60 a ƙaramar giya inji yana kuka zai iya shan fiye da mai 70 a giyar sama.

Baba_Direba77
Injiniya, mu da kunne muka koya, amma maganar ɗaya ce. In inji yana yi maka ihu, kuɗinka yake ci.

Abu_Sadiq_Sharaɗa
Iyayena, na dawo da labari. Jiya da daddare na zauna na bi tiraka ta sahu uku na baya, awa bayan awa. Na ga wani abin da ban lura da shi ba. Motar matashin tana tsayawa wuri ɗaya awa shida, bakwai, inji a kunne. A Ogere haka, a layin Apapa haka. Na kira shi yau da safe, na tambaye shi cikin mutunci. Ya ce batir ɗin ya yi sanyi tun watanni, in ya kashe da daddare ba ta tashi da safe sai an nemi wanda zai ba shi wuta, kuma ya faɗa wa yayana tun kafin a damƙa mini motocin, ba a canza ba. Ya ce ya ji nauyin ya sake maimaitawa kada a ce yana neman kuɗi.

Gudun ma bai musa ba. Ya ce in za a mayar da shi albashi kamar dattijo, ko a yi masa irin tsarin da Alhaji na Bompai ya faɗa, zai sauko 70.

Bakanike_ƘofarRuwa
To ka gani. Babbar mota a tsaye inji yana aiki tana shan lita biyu zuwa uku a awa. Dare uku ko huɗu a haka, ka lissafa da kanka, wajen rabin abin da yake nema ke nan. Sayi batir biyu tare, kada ka haɗa sabo da tsoho, kuma a duba caji.

Alhaji_MaiTirela_Bompai
Alhamdu lillahi da ba abin da na yi zato ba ne. Ka nema mini afuwarsa ko da bai san na faɗa ba. Amma 70 ɗin nan ka rubuta a takarda ku sa hannu, kuma ka riƙa duba tiraka a gabansa, ba a bayan idonsa ba.

Tanka_Depot
Ni dai har yanzu 70 ta yi mini yawa ga mota mai lodi. Doka 60 ta ce.

Matashin_Howo
Yaya, a titin Zariya da aka gyara, in kana 60 har masu Sharon sai sun riƙa yanko ka ta hagu da dama. 70 adalci ne.

Abu_Sadiq_Sharaɗa
Zan canza batir gobe in sha Allah. Maganar musanya mota kuma na gwada yi wa dattijo, ya yi shiru, sannan ya ce shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa zama a kujerar motar nan sai shi, kuma Baba ne ya miƙa masa makullinta da hannunsa. Ban iya ƙara cewa komai ba. Oga Bakanike, akwai wata hanyar da zan gane ko motar ce ba tare da na karɓi makullinsa ba?

Bakanike_ƘofarRuwa
Akwai. Bar wa dattijo motarsa. In matashin ya dawo, kafin a shiga Dawanau ku kawo ta Ƙofar Ruwa da safe a cire nozul a gwada, mu duba matata da birki. Sannan sahu na gaba su tashi rana ɗaya, kaya iri ɗaya, a cika tankunan a gida ɗaya, matashin ya bi bayan dattijo har Kaduna kada ya wuce shi. A Kaduna a sake cikawa a ga lita nawa kowacce ta karɓa.

Yaron_Mota_09
Oga Abu Sadiq, don Allah in an yi gwajin a kawo mana adadin a nan. Ina so in nuna wa maigidana.